Komawa Aji Bayan Shekara 12 a Ofis: Lamarin Wani Mai Tsara Birane

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne a hukumar tsara birane ta wata jiha a Arewa. Na sakaya sunansa da na hukumar, zan riƙa ce masa Malam kamar yadda na saba kiransa. Lokacin da ya fara neman gurbin digiri na biyu a fannin zayyanar birni, a ƙarshen 2022, shekarunsa 38, yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ya shekara 12 yana aiki: huɗu a wani kamfani mai zana taswirar fulotai, takwas a gwamnati. Digirinsa na farko a fannin tsara birane da yankuna ne, ya fita da 2:2. Yana da rajista da TOPREC, hukumar da dokar 1988 ta kafa domin yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma ɗan NITP ne, ƙungiyar masu tsara birane ta Najeriya. Sai a nema na uku ya samu abin da yake so. Ni na girme shi a sana'a, kuma ni na rubuta masa wasiƙar shaida a karo na biyu da na uku, shi ya sa na ga takardunsa tun suna ɗanye.

Yawancin waɗanda suka kai matsayinsa suna shiga neman karatun waje da zaton shekarun aiki za su yi musu magana. Shekarun suna da daraja ƙwarai, amma sai mai su ya zauna ya tono abin da ke cikinsu ya shimfiɗa a gaban masu zaɓe. Malam ya ɗauki shekara guda cur kafin ya yarda da haka.

Titin gaban kasuwa

Abin da ya tura shi neman karatun wani titi ne da ya ratsa gaban babbar kasuwar garinsu. An faɗaɗa shi ya zama tagwaye, an sa shingen ƙarfe a tsakiya, an gina lambatu mai murfi a gefe biyu, an kuma kafa gadar masu ƙafa can gaba da ƙofar kasuwa. Zanen ya biyo ta teburin Malam kafin a ba da kwangila. Ya duba faɗin hanya, ya duba tazarar da doka ta ce a bari tsakanin titi da gini, komai ya cika, ya sa hannu. Kafin damina ta zagayo mutane sun lanƙwasa sanduna biyu na shingen suna kutsawa, 'yan tebur sun hau kan murfin lambatu, 'yan a daidaita sahu sun yi sahu biyu a bakin kwalta, masu baro da masu ƙafa sun koma tsakiyar titi suna gogayya da motoci. Gadar kuwa ta zama wurin shanya da kwanan almajirai.

Ya taɓa ce mini, “Yallaɓai, ba wanda ya karya doka a zanen nan. Amma duk cikinmu ba wanda ya tsaya a bakin ƙofar kasuwar ya tambayi kansa ta ina tsohuwa mai ɗauke da kaya za ta tsallaka.”

Nan bambancin fannonin biyu yake. Mai tsara birane yana aiki ne a kan babbar taswira: nan gidaje, nan kasuwa, nan makaranta, ga hanyar da za ta haɗa su. Mai zanen gine-gine kuma yana tsayawa a iyakar fulotin wanda ya ba shi aiki. Abin da ke tsakani, wato faɗin inda ƙafa za ta taka, inda inuwa za ta faɗo da ƙarfe biyu na rana, inda ƙofar shago za ta fuskanta, inda mai shayi zai ajiye bencinsa ba tare da ya tare hanya ba, shi ne aikin mai zayyanar birni. Wannan giɓin ne ya sa Josep Lluís Sert, shugaban makarantar zane ta Jami'ar Harvard, ya kira taron farko a kan fannin a 1956, kuma a 1960 jami'ar ta fara ba da digirinsa.

Mu a nan ba mu rasa manyan taswirori ba. Akwai tsarin shekara 20 na birnin Kano da Trevallion ya jagoranta, daga 1963 zuwa 1983. Akwai wanda Max Lock ya yi wa Kaduna a 1967, mai hango har 2017. Abuja ta samu nata a 1979, kuma Kenzo Tange na Japan ne ya zayyana tsakiyar birnin. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai sauko daga waɗannan taswirori zuwa tsayin mutum. Abin da ke ba ni takaici shi ne kakanninmu sun iya wannan aiki. Dandalin ƙofar fada da masallacin Juma'a a gefensa, zauren da ke raba titi da cikin gida, dakalin da dattawa ke zama, lungu mai ƙunci da katangu ke yi wa inuwa yini guda, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa ya koma matattarar ruwan unguwa: duk zayyanar birni ce. Yau mun koma auna ci gaban gari da yawan gadar sama.

Nema na farko

A karon farko Malam ya zaɓi makarantu ne bisa shahara. Ya fara da Amurka, sai ya tarar ƙofar a rufe take tun daga sharuɗɗa: digirin zayyanar birni na Harvard da na Columbia duk an tanade su ne ga wanda ya riga ya mallaki cikakken digirin zanen gine-gine ko na zayyanar filaye da lambuna. Mai digirin tsara birane ba ya ciki. Ya juya Birtaniya, inda karatun shekara ɗaya ne, ya tura takardu wurare uku.

A nan ya yi kuskuren da ake yawan yi, na ɗaukar cewa duk kwas ɗin da ke ɗauke da suna ɗaya abu ɗaya ne. A makarantar Bartlett ta Jami'ar UCL da ke Landan kaɗai akwai kwasa-kwasai daban-daban masu wannan suna: wani a sashen zanen gine-gine, inda aikin situdiyo, wato ɗakin koyon zane, da gwaje-gwajen kwamfuta suka fi yawa, wani a sashen tsara birane, wani kuma a sashen nazarin ci gaban ƙasashe masu tasowa, inda ake duba unguwannin talakawa da gine-ginen da jama'a suka yi da kansu. Kowanne da irin ɗalibin da yake nema. Malam ya rubuta bayani guda ɗaya, ya canza sunan jami'a kawai a sama, ya aika wa kowa.

Bayan an gama ne ya kawo mini takardun. Kundin ayyukansa ya haura shafi 40, duk taswirorin fulotai ne da aka zana da manhajar AutoCAD: fuloti mai ƙafa 50 da 100, jere bayan jere, ga titi, ga wurin makaranta, ga wurin masallaci. Babu layi ɗaya da ya bayyana wace matsala aka so warwarewa, ko wane ɓangare ne hannunsa ya yi a aikin da mutum biyar suka haɗu a kai. Kamar buhun gero ne da ba a sheƙe ba: hatsin yana ciki, amma mai dubawa ba shi da lokacin tsince shi daga ƙaiƙayi. Bayanin manufarsa kuwa jerin muƙamai ne da kwamitocin da ya zauna a ciki. Wasiƙun shaida biyu ya karɓo daga manyan mutane masu manyan muƙamai, waɗanda ba su taɓa ganin zanensa ba, don haka abin da suka iya cewa bai wuce cewa shi mutumin kirki ne mai ƙwazo ba.

Biyu suka ƙi shi. Ta ukun, wata jami'a a wajen Landan da ba ta neman kundin ayyuka, ta ba shi gurbi. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, da ya nema bai kai ko matakin ganawa ba. Sai ya yanke shawarar biya da kansa: zai sayar da fulotinsa, ya haɗa da ajiyarsa, ya nemi canjin kuɗin makaranta a farashin gwamnati ta banki. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake samu wajen naira 460 ta haura 700 cikin wata guda, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,400, kuma a cikin shekarar fam ɗaya ya kai naira 2,000. Lissafin Malam ya rushe tun bai biya kafin alƙalami ba. A lokacin ya ji zafin abin sosai, amma Allah ne ya kuɓutar da shi. A watan Mayun 2024 labari ya fito cewa wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside an dakatar da karatunsu, an kuma umarce su su bar Birtaniya, saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta a kan lokaci.

Sake gina kundi

Shawarar da na ba shi guda ɗaya ce: ya ajiye shafuka 40 ɗin nan, ya koma titin da ya hana shi barci. Abin da ya biyo baya aikinsa ne, ba nawa ba.

Ya riƙa zuwa wurin bayan sallar asuba, da tsakar rana, da bayan la'asar, a ranar da kasuwa ke ci da ranar da ba ta ci, da ranar Juma'a. Ya ɗauki hanyar ƙirga da Jan Gehl na Denmark ya yaɗa tun daga aikinsa a titunan Copenhagen: ka tsaya a wuri ɗaya, ka ƙirga masu wucewa na minti goma a kowace awa. Ya sa wani ƙaninsa ya riƙe masa bakin tef, suka auna titin daga bangon shago zuwa bangon shagon da ke tsallake, ya zana shi kamar an yanka shi a tsaye, da tsayin rumfuna, da zurfin lambatu, da mutum a tsaye domin a ga gwargwado. A kan wannan zanen ya shafa inda inuwa take da ƙarfe tara na safe da inda take da ƙarfe biyu. Da ya ɗora taswirar inuwar a kan taswirar inda 'yan tebur ke zama, sai suka hau kan juna daidai. Mai sayar da tumatir da ya hau murfin lambatu ba taurin kai ya kai shi ba, nan ne kaɗai kayansa ba za su ƙone ba.

Haka ramin shingen. Sandunan da aka lanƙwasa suna daidai da layin da ya haɗa ƙofar masallacin kasuwa da bakin tasha. Tun kafin a yi kwalta nan ne turbar mutane. Ya zauna da sarkin kasuwa, da 'yan kamasho, da matan da ke suyar awara da yamma, ya rubuta abin da kowa ya ce game da dalilin zamansa a inda yake. Wata daga cikin matan ta gaya masa cewa ita ba inuwa take bi ba, hasken shagon mai cajin waya take bi, domin da an yi magariba sauran titin duhu ne. Wannan magana ta shiga kundin, da ƙaramin zanen hannu a gefenta.

Shafin da na fi so shi ne na taswirar baƙi da fari. A 1748 Giambattista Nolli ya zana birnin Rum, ya cike gine-gine da duhu, ya bar tituna da filaye da fari, har da cikin majami'u, domin wurare ne da kowa ke iya shiga. Malam ya ɗauko hoton tauraron ɗan'adam, ya bi shi a manhajar zana taswira ta QGIS, ya yi wa tsohuwar unguwar da ke bayan kasuwa irin wannan zanen, ya bar zauruka da harabar masallatai da dakalai da fari. Sannan ya ajiye ta kusa da ta sabuwar unguwar awon gwamnati mai girma ɗaya. A tsohuwar, farin ya ratsa ko'ina, yana faɗaɗa yana tsukewa. A sabuwar, layuka ne miƙaƙƙu tsakanin dogayen katangu, ba wurin tsayawa ko ɗaya. Ba sai an karanta rubutu ba, ido kaɗai ya isa.

Aiki na biyu a kundin ya buƙaci ƙarfin hali. Ya ɗauko wata taswirar fulotai da shi da kansa ya zana shekara takwas baya, ya je ya ga abin da ta zama. Filin da ya ware na wasan yara an yanka shi shaguna. Ya nuna zanen asali, ya nuna hoton yau, sannan ya bayyana ra'ayinsa: ya ajiye filin ne a ƙurya, bayan gidaje, inda ba ƙofar kowa ke kallonsa ba, don haka ba wanda ya ji nasa ne balle ya kare shi. Ya zana yadda zai sake yi da a ce yau ne, filin a tsakiya, ƙofofin gidaje da ta masallaci suna buɗewa a kansa. Na ukun wata unguwar awon igiya ce da aka cike kududdufinta aka yi gine-gine, ruwa ya koma shiga ɗakuna duk damina. Ya bi hanyar ruwan da ƙafa bayan an ɗauke sama, ya zana ta.

Duka kundin bai kai shafi 20 ba. A ƙarƙashin kowane aiki ya rubuta shekara, da yawan waɗanda suka yi shi, da abin da shi ya yi. Ya nemi izinin ofis a rubuce kafin ya sa duk wani zanen hukuma, ya kuma goge sunayen masu fulotai da lambobin fayil. Zanen hannunsa ba mai kyau ba ne irin na masu zanen gine-gine, kuma ya so ya biya wani yaro ya yi masa hotuna masu sheƙi a kwamfuta. Na hana shi. Masu duba kundi suna ganin irin waɗannan hotuna ɗaruruwa a kowace shekara, kuma idan aka kira mutum ganawa aka ce ya yi bayanin zanen da ba shi ya yi ba, nan take asiri ke tonuwa. Abin da yaro ɗan shekara 23 da ya fito daga jami'a jiya ba zai iya kawowa ba shi ne komawa kan aikin da ya yi shekara takwas baya ya ga yadda mutane suka karɓe shi. Wannan ita ce ribar shekarun aiki, kuma ita ya kamata a sa a gaba.

Takardu

Matsalar 2:2 ta fi sauƙi fiye da yadda ya ji tsoro. Manyan jami'o'in Birtaniya yawanci 2:1 suke rubutawa, amma da yawa suna ƙara cewa za su duba wanda ya gaza haka idan yana da ƙwarewar aiki mai ƙwari. Ya rubuta wa shugabannin kwas huɗu gajerun saƙonni ta imel, ya faɗi darajar digirinsa a layin farko, ya haɗa shafi biyu na kundin, ya tambaya ko ya cancanci nema. Amsoshin suka rage masa jerin zuwa wuraren da ke da amfani.

Wasiƙar shaida daga malamin jami'a ita ta ba shi wahala, domin ya fi shekara goma da barin makaranta. Ya nemo malamin da ya duba masa aikin kammala digiri, ya je har gida ya gaishe shi, ya kai masa kwafin tsohon aikin da sabon kundin domin ya samu abin da zai rubuta a kai. Takardar makin darussa kuwa ta ɗauki watanni kafin ta fito, wanda duk ya taɓa nema ya san wannan. A fara da ita kafin komai. Game da Turanci, jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon WAEC, amma wasu suna sa iyakar shekaru a kansa, nasa kuwa ya tsufa. Ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta ke aiki shekara biyu, ya samu abin da ake nema.

Bayanin manufarsa na biyu ya fara ne da titin kasuwa, ya faɗi abin da ya sa wa hannu da abin da ya biyo baya, sannan ya ambaci darussan da ke cikin kwas ɗin da yake ganin za su cike masa giɓi. Kowace jami'a ya rubuta mata nata daban. Biyu suka ba shi gurbi a wannan karo, har da ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi shi a baya.

Kuɗi

Gurbi abu ne, kuɗi wani abu ne. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje a manyan jami'o'in Landan yakan haura fam 30,000, a sauran garuruwa ya fi sauƙi amma ba ƙarami ba ne. Bayan shi, domin samun biza, dole a nuna kuɗin zama a asusu na kwana 28 a jere. A Janairun 2025 an sa fam 1,483 a wata ga mai zama Landan, fam 1,136 ga na waje, har na wata tara, kafin a sake ƙara su daga baya. Ga kuɗin kiwon lafiya da ya tashi daga fam 470 zuwa 776 a shekara tun Fabrairun 2024, kuma da yake bizar mai digiri na biyu takan zarce shekara, abin da ake biya yakan zama fam 1,164. Albashin ma'aikacin jiha ba ya kusantar wannan.

Da ya bi hanyoyin tallafi ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga shekarun da yake taƙama da su suna rufe wasu ƙofofin. Tallafin DAAD na Jamus ga ma'aikatan ƙasashe masu tasowa, wanda ya haɗa da kwasa-kwasan birane a Stuttgart da Dortmund da Berlin, yana neman aikin shekara biyu, amma a ƙa'ida yana son kada digirin mai nema ya wuce shekara shida da kammalawa. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne. PTDF ya karkata ga fannin mai da gas. Na Commonwealth ana bi ne ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ko ta jami'o'in da ke cikin shirin haɗin gwiwa, kuma darajar digiri tana da nauyi a can. Wanda ya fi dacewa da irinsa shi ne Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983: ba shi da iyakar shekarun haihuwa, yana neman aikin da ya kai awa 2,800, a zaɓi kwas uku, a samu gurbi marar sharaɗi a ɗaya daga ciki, a kuma yi alkawarin komawa gida aƙalla shekara biyu bayan karatu. Tambayoyinsa huɗu ne: jagoranci, hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da shirin aiki bayan dawowa.

A karo na biyu ya kai matakin ganawa, amma bai samu ba. Da muka zauna ya maimaita mini amsoshin da ya bayar, sai na ga inda aka samu rauni. Da aka tambaye shi jagoranci, ya ambaci matakin albashinsa da yawan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Da aka tambaye shi me zai yi idan ya dawo, ya ce zai kawo sauyi a biranen Arewa. Manyan kalmomi ne da ba su da abin kamawa. Mutumin da ya iya nuna dalilin da ya sa mai tumatir ke zama a kan lambatu ya kasa faɗin abin da zai yi a wata shida na farko bayan dawowarsa.

A nan wasu 'yan uwa suka matsa masa ya sayar da fulotin da gidan gado da yake da kaso a ciki, ya tafi kawai, in ya so ya yi aiki a can ya cika sauran. Ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai. Bizar ɗalibi awa 20 kawai take ba da damar aiki a mako lokacin karatu, kuma kwas mai situdiyo yana cinye dare da rana. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ba ya jefa rufin asirin iyalinsa a kan irin wannan lissafi. Ya roƙi jami'ar ta ɗage masa gurbin zuwa shekara mai zuwa, ta amince.

Shekarar jiran ba ta tafi a banza ba. Ya samu amincewar daraktansa, da sarkin kasuwa, da shugabannin 'yan a daidaita sahu, suka yi ɗan gwaji a wani yanki na titin da fenti da durom-durom da aka cika da yashi: aka buɗe shingen a inda mutane suka riga suka zaɓa, aka shata wurin tsallakawa, aka ware inda za a sauke fasinja, aka ja wa 'yan tebur layi a ɓangaren da ke da inuwa aka bar wa masu ƙafa sauran. Wani ɓangaren ya zauna, wani ya watse cikin makonni domin 'yan tebur na sahun baya sun ga an fifita na gaba. Duka biyun ya rubuta. A ganawar nema na uku wannan ne ya zama misalin jagorancinsa, kuma shirinsa ya tsuke zuwa abu guda: rubuta wa hukumarsa ƙa'idojin zayyana titunan da ke gaban kasuwanni da tashoshi, waɗanda za a riƙa dubawa kafin a sa hannu a kan zanen hanya. Ya samu tallafin.

Dole ne sai waje?

Na yi masa wannan tambayar tun farko, kuma har yanzu ina yi wa duk wanda ya zo mini da irin buƙatarsa. Jami'o'inmu irin su ABU Zariya suna ba da digiri na biyu a tsara birane, kuma wanda burinsa ƙarin girma a ofis ne, wannan ya ishe shi, yana tare da iyalinsa. A Afirka ta Kudu, jami'o'in Cape Town da Wits suna koyar da zayyanar birni, a garuruwan da ke da kasuwannin bakin titi da unguwannin da ba a tsara ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: titin Ingila ana zayyana shi ne domin rana ta shigo, namu domin a kare ta. Wanda ya haddace misalan can ya dawo ya shimfiɗa mana fili fetal da duwatsun ado babu bishiya, ya ƙara mana ciwo ne. Su kansu Turawan sun san da haka tun da daɗewa. Sashen nazarin ci gaba na UCL ya samo asali ne daga sashen gine-ginen ƙasashe masu zafi da aka buɗe a Landan a 1954 ƙarƙashin Maxwell Fry, wanda shi da Jane Drew suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan, kafin a mayar da sashen UCL a 1971.

Abin da ya gamsar da ni a lamarin Malam shi ne buƙatarsa ta fito fili. Yana son shekara guda a situdiyo, inda za a sa shi ya zana titi, a liƙa zanen a bango, malamai da ɗalibai su yi masa kaca-kaca, ya koma ya sake. Ba a taɓa yi masa haka ba tun da ya fara aiki, domin a ofis zane ko dai a sa masa hannu ko a mayar da shi. Kuma zai shiga ajin ne da tambaya a hannunsa, don haka zai iya tace abin da zai yi aiki a gida da wanda ba zai yi ba.

Iyali da ofis

Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussa zuwa da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ko da ƙofar ta buɗe masa ta wannan fuska, tallafin ba ya biyan kuɗin mata da 'ya'ya, don haka ba a ma daɗe ana tattauna batun ba. Maiɗakinsa da yaran suka zauna a gidansu, kusa da mahaifiyarsa, ƙaninsa ya ɗauki kai yara makaranta. Abin da ya fi damunsa shi ne kuɗin cefane, domin rabin abin da gidan ke ci yana fitowa ne daga zanen da yake yi wa mutane a gefe bayan an tashi aiki, kuma wannan zai tsaya cak. Shi ya sa ya dage a kan hutun karatu mai albashi, ya shigar da takardar tun ranar da aka kira shi ganawa, bai jira sakamako ba. An amince, bisa sharaɗin zai dawo ya yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kuma ya san jarrabawar ƙarin girma ta wannan shekarar za ta wuce shi.

Akwai sauran abu ɗaya da na ce kada ya tafi bai warware ba. A tsarin muƙaman hukumarsu babu kujerar mai zayyanar birni. Na sha ganin wanda ya dawo da irin wannan ilimi aka mayar da shi kan teburin da ya bari, yana buga hatimi a takardun izinin gini, bayan shekara biyu ya gaji ya koma kamfani ko ya bar ƙasar. Malam ya rubuta wa daraktansa buƙatar a mayar da shi sashen da ke duba zanen hanyoyi kafin a ba da kwangila idan ya dawo, daraktan ya rubuta amincewarsa a kan takardar, aka sa kwafi a fayil ɗinsa. Ya yi gwajin tarin fuka da ake nema a Abuja, biza ta fito, ya tashi a watan Satumban 2025. Tun kafin tafiyar ya riga ya sanar da shugaban kwas ɗin cewa titin gaban kasuwa ne zai zama batun kundin kammala karatunsa, ya kuma bar wa wani ƙaramin ma'aikaci a ofis takardun ƙirga domin a ci gaba da tattara bayanai a lokacin sanyi da bazara da azumi.